Bayan guguwa ta wuce a Amurka, wa yake gyaran gidaje? Tambayoyi da amsoshi kan aikin coci-coci da 'yan sa kai

Duk shekara idan lokacin guguwa ya zo za ku ga hotuna a waya, rufin gidaje a sama, motoci a cikin ruwa, mutane a kan kwano suna ɗaga hannu, sai a yi kwana uku ana magana daga nan shikenan an koma wani labarin. Da yawanmu sai mu ɗauka ai Amurka ce, gwamnati ta riga ta gyara komai. Toh abin ba haka yake ba, wani gidan sai ya shekara biyar ba a koma cikinsa ba, kuma kaso mai tsoka na masu riƙe guduma a tsawon shekarun nan mutanen coci ne da suke zuwa da kuɗin motarsu. Na tattaro tambayoyin da aka fi yi a kan wannan, kuma na fi jingina da guguwar Katrina ta 2005 saboda a nan ne abin ya fi fitowa fili.

Wai wace irin guguwa ce wannan da har take tashin gari guda?

Ku cire hoton 'yar guguwar nan ta bazara da take ɗaukar leda da ƙura a bakin kasuwa. Wannan a kan teku take haɗuwa idan ruwan ya yi ɗumi, kuma sai iskarta ta kai gudun kilomita 119 a awa ɗaya kafin ma a kira ta hurricane da Turanci. Lokacinta a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Wani abin mamaki, da yawa daga cikinsu asalinsu hadarin da yake tashi daga nan Yammacin Afirka ne da damina, ya bi iska ya faɗa teku, can ya je ya girma.

Katrina ta sauka a kudancin jihar Louisiana ranar 29 ga Agusta 2005, ta kuma daki gaɓar Mississippi. A wajen garin Pass Christian ruwan teku ya hau tudu da tsayin sama da mita 8, ya share unguwanni ya bar daɓen siminti kawai. New Orleans kuwa, babban gari a Louisiana, ba iska ce ta fi yi mata illa ba, ganuwar tare ruwa da injiniyoyin sojan Amurka suka gina ce ta fashe a wurare da dama, garin kuma dama wani ɓangarensa ƙasa yake da teku, sai kusan kashi 80 cikin 100 ya nutse. An daɗe ana cewa mutum sama da 1,800 suka mutu, a 2023 hukumar da ke sa ido kan guguwa ta sake lissafi ta ce 1,392. Asarar dukiya wajen dala biliyan 125. Ba a ma gama zuƙe ruwan ba sai ga wata guguwar mai suna Rita a ƙarshen Satumba ta sake cika unguwar Lower Ninth Ward.

Ina gwamnati take da har sai coci ce za ta yi wannan aiki?

Gwamnati tana nan, kuma maganar gaskiya kuɗin da ta zuba babu wata coci da za ta iya kamo ƙafarsa. Sabuwar ganuwar New Orleans kaɗai ta ci kusan dala biliyan 14.5. Matsalar ita ce tsakanin abin da gwamnati take ba mutum da abin da zai mayar da shi gidansa akwai rami, kuma a wannan ramin talaka yake faɗawa.

Hukumar agajin gaggawa ta FEMA a 2005 iyakar abin da za ta iya ba iyali ɗaya dala 26,200 ne, kuma ba kowa ne ya samu cikakke ba. Jihar Louisiana ta kawo shirin Road Home wanda yake ba da har dala 150,000, amma da farko ana lissafin ne da darajar gidanka kafin guguwa, ka ga kenan wanda gidansa yake unguwar talakawa, galibi baƙar fata, kuɗinsa ƙarami zai fito alhali buhun siminti da katako farashinsu ɗaya ne a kowace unguwa. Sai da aka kai ƙara kotu a kan wannan, aka sasanta a 2011. Ga jinkiri kuma, mutum ya cike takarda ya zauna jira shekara ɗaya ko fi. Shugaban FEMA na lokacin Michael Brown ma ajiye aiki ya yi sati biyu bayan guguwar saboda surutun da ya yi yawa.

Inshora fa? Ai ance kowa a can yana da ita

Yana da ita amma wace iri? Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka tana biyan ɓarnar iska da gobara, ba ta biyan ambaliya, ita ambaliya daban ake sayenta, yawanci ta wani shirin gwamnatin tarayya da aka kafa a 1968. Mutane da yawa ba su saya ba don an ce musu unguwarsu ba ta cikin hatsari. Sai rigima ta ɓarke, kamfani ya ce ruwa ne ya rushe gidanka, kai ka ce a'a iska ce ta fara yaye kwanon, gidan kuma babu shi balle a duba. Har sanata guda, Trent Lott na Mississippi, sai da ya maka kamfanin inshorarsa a kotu kan gidansa na Pascagoula. Idan sanata ya sha wannan to ina ga tsohuwar da take cin fansho.

To su waye waɗannan ƙungiyoyin coci, kuma kowa abin da ya ga dama yake yi?

A'a, akwai rabon aiki kuma ya daɗe. Bayan guguwar Camille ta 1969 ƙungiyoyin agaji suka ga kowa yana taka ƙafar kowa, wani gida a je masa sau uku wani ba a je ko sau ɗaya ba, shi ne a 1970 suka haɗu suka kafa wata inuwa da ake kira National VOAD. Tun daga nan kusan kowace ɗarika ta san fanninta.

'Yan Baptis na kudu, masu riga da hula ruwan ɗorawa, su ne gwanayen girki da yankan itatuwan da suka faɗo kan gidaje. Suna da kicin a cikin tirela, su dafa, motocin Red Cross da na Salvation Army su ɗauka su raba, bayan Katrina sun dafa abinci sama da plate miliyan 14. Aikinsu ya samo asali ne a Texas a 1967. 'Yan Metodis suna da ƙungiyar agajinsu UMCOR tun 1940, su kuma sun fi ƙwarewa a bin diddigin matsalar iyali ɗaya bayan ɗaya har ta warware. 'Yan Adventis su ne masu kula da sito, duk kayan da jama'a suka turo su suke tantancewa. Cocin Brethren suna da masu zama da yara ƙanana yayin da iyaye suke layin cike takarda, wanda ni a ganina dabara ce mai kyau da ba kowa zai tuna da ita ba. Samaritan's Purse ta Franklin Graham masu riga ruwan lemo suna kwashe laka da lulluɓe rufi da tamfol. Katolika suna da Catholic Charities, wadda a New Orleans ta buɗe shirin Operation Helping Hands.

Sai 'yan Mennonite da 'yan'uwansu Amish, waɗanda ƙungiyarsu ta fara a garin Hesston na jihar Kansas a 1950. Su manoma ne da kafintoci tun kaka da kakanni, kuma a al'adarsu idan rumbun maƙwabci ya ƙone gari ne yake fitowa a tayar da wani, kamar dai gayya a ƙauyukanmu. Ba su da yawan magana, ba su cika son kyamara ba, amma idan ana maganar wa zai gina gida daga tushe har kwano su ake nema.

Me ake nufi da gyara na dogon zango? Ba raba abinci da bargo ba ne?

Raba abinci na satin farko ne zuwa wata ɗaya ko biyu. Aikin gaske yana farawa ne ranar da aka bar mutum ya koma ya buɗe ƙofar gidansa.

Ku kwatanta gidan da ruwa mai haɗe da masai da man fetur da gishirin teku ya zauna a cikinsa sati biyu ko uku cikin zafin Satumba. A jikin bangon waje akwai zane mai kamar alamar kuros da masu ceto suka fesa da fenti, sama kwanan watan da suka shiga, ƙasa adadin gawar da suka samu. Ciki kuwa laka ta bushe ta tsattsage, kujeru sun yi iyo sun kife a wani ɗakin daban, baƙar fumfuna ta hau bango har silin. Firji ba a buɗe shi, ko kusa, ɗaure shi ake yi da salatef a tura shi bakin titi haka nan, don naman da ya yi wata guda a ciki babu wuta warinsa ba ya barin hanci. Akwai lokacin da titunan New Orleans suka cika da firji a jere, mutane har rubutun zagin gwamnati suke yi a jikinsu.

Gidajen can yawancinsu ba bulo ba ne, katako ne aka kafa aka lulluɓe da allunan jifsam, kusan irin kayan POP da muka sani, da wani auduga-auduga a tsakiya mai tare zafi da sanyi. Duk wannan idan ya jiƙe ya mutu. Sai 'yan sa kai su sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba, su fitar da kaya da baro, su ɓamɓare allunan, su cire kowace ƙusa ɗaya bayan ɗaya har sai gidan ya koma ƙashin katako kana hango bayan gida daga ƙofar shiga. A kankare fumfunar, a fesa magani, a bar shi ya bushe. Ƙungiyar mutum 10 zuwa 15 tana iya cinye kwana biyu ko uku a gida ɗaya, kuma da ɗan kwangila za a kira dubban daloli zai caja. Shugabannin tawaga sukan ja kunnen yara matasa cewa kar a jefar da komai sai an nuna wa mai gida, don abin da kai kake gani shara wataƙila hoton auren uwarsa ne.

Bayan wannan ne kuma ake shiga doguwar tafiya: wayar wuta, famfo, sabon allo, fenti, daɓe, kwano, wani wurin ma doka ta ce sai an ɗaga gidan sama kan ginshiƙai. Nan ne shekaru suke tafiya. Tirelar ƙarshe ta FEMA da mutane suke kwana a ciki ba ta bar New Orleans ba sai 2012, kuma su tirelolin ma a 2008 hukumar lafiya ta tabbatar akwai sinadarin da yake sa ciwon ƙirji a cikinsu da yawa.

A ina duk waɗannan mutanen suke kwana, tunda garin ma ya rushe?

A coci mana. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa su suka fi daɗewa, suna da gini, suna da kicin, suna da filin ajiye mota, kuma suna da 'yan'uwa a kowace jiha. Lutaran da Anglikan na can suka haɗa hannu suka buɗe Camp Coast Care a Long Beach ta Mississippi, aka buɗe Camp Victor a Ocean Springs, aka buɗe Camp Restore a gabashin New Orleans wanda aka mayar da ginin cocin Lutaran da ruwa ya ci ya zama masauki mai gadaje hawa-hawa. 'Yan Presbiteriyan suka kakkafa ƙananan ƙauyuka na bukkokin roba. Wanka a tirela ake yi.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina: tawaga ta taso daga wata coci a Ohio ko Pennsylvania ko ma Kanada, su yi tuƙin awa 15 ko fi a bas ɗin coci, su iso Lahadi da yamma, Litinin zuwa Juma'a aiki, Asabar su juya, wata tawagar ta karɓa daga inda suka tsaya. Su suke biyan kuɗin mai, kuma su ba masauki wani ɗan abu na abinci. Lokacin hutun makaranta na Maris ɗalibai suke cika wurin, da sanyi kuma tsofaffin da suka yi ritaya suke saukowa kudu da motocinsu masu ɗaki a ciki su yi wata guda ko fi, kuma masu kula da aiki za su gaya maka waɗannan tsofaffin sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Kuɗin daga ina yake fitowa?

Mafi yawa daga baiko na musamman da ake ɗauka a coci ranar Lahadi bayan bala'i ya faru, da zumuntar mata da suke sayar da abinci, da matasa masu wankin mota, da kuma masu hali da suke rubuta cek. Kowace ikilisiya ta tura wa hedikwatar ɗarikarta. UMCOR tana da wani tsari da ya sa mutane suka yarda da ita: duk abin da ka bayar da sunan wani bala'i gaba ɗayansa can yake tafiya, albashin ma'aikata da kuɗin ofis kuma daga wani baikon daban ake biya wanda ake yi sau ɗaya a shekara.

Akwai kuma kuɗin waje. Ƙasashe da yawa sun ba Amurka gudummawa a 2005, Qatar ta ba da dala miliyan 100, Kuwait ta yi alƙawarin miliyan 500, ita ma Najeriya ta yi alƙawarin miliyan 1. Daga cikin kuɗin ƙasashen waje ne aka ware dala miliyan 66 aka damƙa wa UMCOR ta jagoranci shirin Katrina Aid Today, wanda ya bi matsalar iyalai sama da 70,000 da suka warwatsu a jihohi daban-daban.

Ni dai kaya nake da su ba kuɗi ba, me ya sa ake cewa kar a turo kaya?

Saboda gwanjo ya zama bala'i na biyu, haka ma'aikatan agaji suke kiransa. Mutum ya buɗe durowa ya kwaso rigar sanyi da takalmi ƙafa ɗaya da tsohuwar rigar biki ya cusa a leda, zuciyarsa fari tas, amma can sai an samu sito, an samu mai tantancewa, an samu motar ɗauka, kuma mutumin da ake so a taimaka ba shi da ko durowar da zai sa kayan. Bayan Katrina an ga tulin tufafi a filayen ajiye motoci ruwan sama ya dake su sun ruɓe, ƙarshenta bola aka kai su. Kuɗi kuwa ba ya ruɓewa, yana jira har wata na 18 lokacin da ake buƙatar kwano, kuma idan aka sayi kayan a shagon garin shi ma mai shagon ya farfaɗo.

Idan lallai kaya ne, to a bi jerin da suka fitar. Misali 'yan Metodis suna da bokitin shara: bokiti mai murfi da aka cika da omo, sabulun wanke-wanke, buroshi, soso, safar hannu, takunkumi, ledar shara, igiyar shanya da maganin sauro, kowane bokiti iri ɗaya sak, a zamanin Katrina ana tara su tun kafin guguwa a babban sitonsu na Sager Brown da ke Baldwin a Louisiana. Ranar da aka buƙata lodi kawai ake yi.

Wa yake zaɓar gidan da za a gyara? Ba 'yan cocinsu kawai suke yi wa ba?

A ƙa'ida kwamiti ne na gari ko na ƙaramar hukuma, wanda coci-coci da sauran ƙungiyoyi da jami'an gwamnati suke zama tare. Kowane iyali ana haɗa shi da ma'aikaci ɗaya da zai zauna da su ya ga me FEMA ta bayar, me inshora ta biya, me suke da shi a hannu, me ya rage. Sai ya kawo fayil ɗin teburin kwamiti ba tare da suna ba: ga tsohuwa mai shekara kaza, da jikoki biyu, saura kuɗin kwano da wayar wuta. Wannan ya ce mu za mu sayi kwano, wancan ya ce muna da tawagar kafintoci wata mai zuwa, wani ya ɗauki firji da gado. Ana fara duba tsofaffi, naƙasassu, iyaye mata masu riƙon yara su kaɗai, da marasa inshora. Manyan ƙungiyoyin ba sa tambayar addininka. Ƙaramar coci da ta zo da kanta don taimakon 'yar'uwarta kuwa, eh, membobi take fara dubawa, wannan kuma ba abin ɓoyewa ba ne.

Abin da ya fi cin lokacin waɗannan ma'aikata ma ba gini ba ne, takardar gida ce. Iyalai da yawa musamman baƙar fata suna zaune a gidan kaka, kaka ta rasu ba a raba gado a kotu ba, sunanta ne har yanzu a takarda, magada kuma sun kai 20 wasu a Chicago wasu a California. Gwamnati ta ce kawo shaidar gidanka ne, babu. Sai an nemo lauyoyin sa kai sun bi dangi ɗaya-ɗaya suna sa hannu kafin a ɗora ko ƙusa ɗaya.

Ba dai wa'azi suke fakewa da shi ba?

Ya danganta da ƙungiya, kuma gara a faɗi gaskiya. Waɗanda suke ƙarƙashin National VOAD sun amince a rubuce cewa ba za a yi amfani da halin da mutum yake ciki a matsa masa ya canza addini ba. Mennonite da Metodis da Lutaran da Katolika galibi aikinsu suke yi, in ka nemi addu'a a yi maka. Samaritan's Purse kuwa ba ta ɓoye cewa bishara na cikin manufarta, idan sun gama aiki a gidanka sukan ba ka Littafi Mai Tsarki da duk 'yan tawagar suka sa hannu a ciki su yi addu'a tare da kai in ka yarda. Ba sharaɗi ba ne kafin a yi maka aikin, amma akwai masu ganin mutumin da aka gama kwashe masa laka kyauta da wuya ya iya cewa a'a, kuma wannan ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya.

Musulmi fa, suna cikin wannan harka?

Suna ciki. Islamic Relief ta Amurka da ICNA Relief duk suna aikin bala'i tare da sauran, kuma a Satumban 2005 ƙungiyoyin Musulmin Amurka suka haɗu suka yi alƙawarin dala miliyan 10 don Katrina. Da guguwar Harvey ta zubar da ruwa a Houston a 2017 masallatai da dama sun buɗe ƙofa mutane suka kwana a ciki, a daidai lokacin da ake ta caccakar babbar cocin Lakewood ta Joel Osteen a intanet kan ta yi jinkirin buɗe nata. Bambancin dai yawa ne da daɗewa, coci-coci sun fi yawa a kudancin Amurka kuma sun riga kowa kafa tsarin.

Aikin wanda ba sana'arsa ba yana da inganci kuwa? Ba gara su turo kuɗin motar a ɗauki magina ba?

Wannan tambayar su kansu suna yi wa juna. Tawagar mutum 20 da ta taso daga nesa abin da za ta kashe a hanya zai iya biyan ƙwararren kafinta na tsawon lokaci, kuma akwai gidajen da aka yi wa fenti sau biyu ko aka sa allo a karkace sai da tawagar bayansu ta cire ta sake. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi suke ajiye ƙwararren mai kula da gini na dindindin, wuta da famfo da gas kuma sai mai lasisi. Ɓamɓarar allo da kwasar laka ne aikin kowa.

Amma masu cewa a turo kuɗi kawai su ma sun manta wani abu. Mutumin da ya je ya shaƙi warin gidan nan da hancinsa shi ne zai koma ya tsaya gaban ikilisiya ya yi bayani, shi ne zai sa a sake yin baiko a shekara ta uku lokacin da talabijin ta manta da sunan garin. In ba don masu zuwan ba da kuɗin ma ya ƙafe tun a watannin farko. Ni a nan na tsaya.

Kada kuma a ɗauka 'yan sa kai ne kaɗai suka gina New Orleans. Dubban leburori daga Honduras da Mexico da sauran ƙasashen yankin su suka hau kwano cikin rana, kuma da yawansu 'yan kwangila sun cinye musu haƙƙi. Su ma masu gidajen 'yan kwangilar bogi sun damfare su, a karɓi kuɗin Road Home a sa ƙusa biyu a ɓace, irin waɗannan ne suke dawowa layin coci hannu rabbana.

Akwai inda taimakon ya koma ciwo?

Akwai. Saboda ƙarancin kayan gini an shigo da allunan jifsam daga China, wasu ma kyauta aka ba ƙungiyoyin agaji, ashe suna fitar da wani iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da yake cin wayar wuta da bututun na'urar sanyaya ɗaki yana kuma sa mutane tari. Ƙungiyar gina gidaje ta Habitat for Humanity, wadda ta gina unguwar mawaƙa mai gidaje 72 a Upper Ninth Ward tare da taimakon 'yan Baptis, sai da ta koma ta farke gidaje da yawa ta sake. Catholic Charities ma haka, kuɗin wannan gyaran na cikin abin da ya kawo ƙarshen Operation Helping Hands. Abin yabon dai sun koma sun gyara da aljihunsu. Gidauniyar Make It Right ta ɗan fim Brad Pitt, wadda ba ta coci ba ce, ta gina gidaje 109 masu ban sha'awa a ido, shekaru kaɗan suka fara yoyo da ruɓewa, magana ta ƙare a kotu.

Cocin da ita kanta ruwa ya ci fa, wa yake gyara ta?

Da can FEMA ba ta ba da kuɗin gyaran wurin ibada, saboda raba addini da gwamnati. Bayan Harvey wasu coci uku a Texas suka kai ƙara, a Janairun 2018 aka canza dokar, yanzu coci da masallaci da wurin ibadar Yahudawa duk suna iya nema. A zamanin Katrina kuwa sai dai coci ta nesa ta ɗauki ta kusa kamar ƙanwa, ta riƙa biyan albashin fasto tunda membobi sun watse babu mai sa baiko.

Wata ikilisiyar kuma ba ta jira kowa ba. A gabashin New Orleans akwai unguwar 'yan asalin Vietnam da cocinsu ta Katolika, Mary Queen of Vietnam. Limaminsu Fada Vien Nguyen ya bi mutanensa sansani-sansani har Texas yana rubuta sunaye, a Oktoban 2005 suka dawo suka fara sujada babu wuta babu ruwa, da jerin sunayen nan ya je ya nuna wa kamfanin lantarki cewa akwai mutane a unguwar a dawo musu da wuta. Da hukumar gari ta buɗe bolar tarkacen guguwa kusa da su suka fito zanga-zanga tsofaffi da yara, aka rufe ta a 2006. Unguwarsu na cikin waɗanda suka fi saurin cika.

Yanzu garin ya dawo yadda yake?

Bai dawo duka ba. A ƙidayar 2000 New Orleans tana da mutum kusan 485,000, a 2010 aka samu kusan 344,000, a 2020 kusan 384,000. Lower Ninth Ward har yanzu akwai layukan da za ka ga gida ɗaya sai fili da ciyawa sai matakalar siminti da ba ta kai ko'ina. Ranar 29 ga Agusta 2021, ranar da Katrina ta cika shekara 16 cif, guguwar Ida ta sauka a Port Fourchon, sabuwar ganuwa ta riƙe birnin amma wuta ta ɗauke gaba ɗaya, garuruwa irin su LaPlace da Houma da Grand Isle da suke wajen ganuwar suka sha kashi, alhali Lake Charles ba ta ma gama farfaɗowa daga guguwar Laura ta 2020 ba. A Satumban 2024 kuma Helene ta haura har duwatsun North Carolina inda mutane ƙalilan ne suke da inshorar ambaliya, ta ci Asheville da ƙauyukan kewaye, ta taɓa har garin Boone inda hedikwatar Samaritan's Purse take, sai ga su suna kwasar laka a unguwar ma'aikatansu.